Littattafai Kan Jaridu, Tarihi Da Al'adun Kuroshiyawa: Tambayoyi Da Amsoshi

Yawancinmu ta ƙwallo muka san Kuroshiya: riga mai gida-gida ja da fari, Luka Modrić, da ci biyu da nema da suka yi wa Najeriya a Kaliningrad a 2018. Amma waɗanda suka leƙa bayan filin wasa, ɗaliban aikin jarida ne ko na tarihi ko masu son karatu kawai, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma su na tara a nan. Shawara ɗaya za ka ga tana ta dawowa cikin amsoshin: kafin ka ba wa littafi kan wannan ƙasa amana, duba shekarar da aka buga shi, da garin da aka buga shi, da wanda ke kan mulki a lokacin.

Su wane ne Kuroshiyawa, kuma me ya haɗa tarihinsu da jarida?

Al'umma ce daga cikin Silabawan kudu, zaune a gabashin tekun Adriatic, suna kallon Italiya ta tsallaken ruwa. Yau ba su cika miliyan 4 ba a ƙasarsu, mafi yawansu 'yan Katolika ne, babban birninsu Zagreb. Sun yi sarakunansu na gida, irin su Tomislav da ake ambata a 925, amma daga 1102 suka shiga ƙarƙashin sarautar Hangari. A 1527 manyansu suka zaɓi gidan Habsburg na Ostiriya, Venice ta riƙe yawancin gaɓar teku, Turkawa suka ci wani babban yanki, a 1918 aka shiga Yugoslabiya, sai 25 ga Yuni 1991 suka ayyana 'yancin kai.

Ka lissafa, kusan shekara 900 ke nan ana yanke musu hukunci daga Buda, Vienna, Venice, Istanbul ko Belgrade, ko da yake sun riƙe majalisarsu mai suna Sabor. Mutumin Split da mutumin Zagreb ba sarki ɗaya suke bi ba, ba haraji ɗaya suke biya ba, karin harshensu ma ya bambanta. Abin da ya fara zaunar da su inuwa ɗaya shi ne takarda: littafin ibada, ƙamus, waƙa, daga baya jarida. Shi ya sa nake ganin wanda ya karanta tarihin maɗaba'arsu ya riga ya ci rabin tarihin ƙasar.

Turanci kawai nake ji. Da wane littafi zan fara?

Fara da na Marcus Tanner, *Croatia: A Nation Forged in War*, wanda maɗaba'ar Jami'ar Yale ta fitar a 1997. Tanner ɗan jarida ne, ya yi wa jaridar Independent wakilci a yankin Balkan, saboda haka labarinsa yana tafiya ba ya tsayawa. Rauninsa shi ne an rubuta shi hayaƙin yaƙi bai gama kwantawa ba, kuma tausayinsa ga Kuroshiyawa a bayyane yake.

Daga nan ka ɗauki *Croatia: A History* na Ivo Goldstein, na 1999. Malamin tarihi ne a Jami'ar Zagreb, ɗan gida, kuma ba ya rufa wa gida asiri inda aka yi ɓarna. Mai dogon numfashi ya ƙara da *Croatia Through History* na Branka Magaš, na 2007, wanda ya fi ƙarfi a kan rikicin Kuroshiyawa da Hangari da Ostiriya. Idan kuma tambayarka ita ce me ya sa Yugoslabiya ta farko ta kasa zaunuwa, babu kamar *The National Question in Yugoslavia* na Ivo Banac, na 1984. Yana da nauyi, kada ka fara da shi, amma kada ka gama ba ka taɓa shi ba.

Wane littafi aka fara bugawa a harshensu?

Littafin sallar coci ne na Katolika, an kammala bugunsa ranar 22 ga Fabrairu 1483, shekara 28 kacal bayan Baibul ɗin Gutenberg. Abin da ya sa ake ji da shi, ba da haruffan Latin aka buga shi ba. An yi amfani da Glagoljica, baƙaƙen da Cyril da ɗan'uwansa Methodius suka kawo wa Silabawa a ƙarni na 9, waɗanda limaman gaɓar Kuroshiya suka riƙe bayan sauran Silabawa sun bar su. A zamanin da Roma ke tilasta wa kowa ibada da Latin, Fafaroma Innocent na IV ya ba bishof na garin Senj izini a 1248 ya ci gaba da ibada da harshen Silabawa. A wannan garin na Senj ne Blaž Baromić ya kafa maɗaba'a a 1494. Yanzu ana bikin ranar Glagoljica a duk 22 ga Fabrairu.

Kafin maɗaba'a akwai dutse. Duk littafin al'adun Kuroshiya da ka buɗe, za ka ci karo da hoton Allon Baška: farin dutse, faɗinsa kusan mita 2, tsayinsa kusan mita 1, layi 13 na rubutu, da zanen reshen inabi a samansa. An sassaƙa shi wajen 1100 a wata ƙaramar majami'a a tsibirin Krk. Abin da ke ciki ba wa'azi ba ne, shaidar fili ce: shugaban sufaye ya rubuta cewa Zvonimir, sarkin Kuroshiya, ya ba su gona, ya ambaci shaidu, sannan ya ja tsinuwa a kan duk wanda ya musa. Darajarsa ita ce sunan Kuroshiya ya fito a ciki da harshen mutanen kansu. Tun 1934 dutsen yana Zagreb, a ginin cibiyar kimiyya da fasaha ta ƙasa.

Akwai abin da ke rikita sabon mai karatu: Kuroshiyawa sun yi rubutu da baƙaƙe uku, Glagoljica, wani nau'in Cyrillic, da Latin. Maɗaba'ar 'yan Furotesta da ta yi aiki a Urach ta Jamus daga 1561 zuwa 1565 ta buga musu littattafai da dukkan ukun. Wasu a maƙwabtansu sun ƙara da baƙin Larabci, wanda na yi bayani a amsar tambaya kan Musulunci.

To jarida fa, yaushe ta fara?

Ya danganta da abin da kake kira jaridar Kuroshiya, kuma littattafai suna ba da shekaru uku. A 1771 aka fitar da *Ephemerides Zagrabienses* a Zagreb, amma da Latin, kuma ko kwafi ɗaya bai tsira ba. Waɗanda suka biyo ta a birnin da Jamusanci suka fito.

Ta farko da harshen ƙasa ita ce *Kraljski Dalmatin*, da ta fito a Zadar ranar 12 ga Yuli 1806, lokacin da Napoleon ke riƙe da Dalmatiya, yankin gaɓar tekun ƙasar. Kowane shafi an raba shi biyu, Italiyanci a gefe ɗaya, fassarar Kuroshiyanci a ɗaya gefen. Jaridar hukuma ce ta baƙin masu mulki, cike da sanarwa da dokoki, kuma ta mutu a 1810. Duk da haka masu fassarar sun sha aiki, domin sai da suka nemo kalmomin kotu, haraji da mulki a harshen da ba a saba rubuta waɗannan abubuwa da shi ba. Wanda ya san yadda *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara a Zariya a 1939 a hannun hukuma, sannan Abubakar Imam ya hura mata rai, zai gane irin wannan haihuwa.

Ta ukun ita ce wadda ta sauya ƙasar. Ranar 6 ga Janairu 1835 Ljudevit Gaj, yana ɗan shekara 25, ya fitar da *Novine Horvatzke* a Zagreb, bayan kwana huɗu ya biyo da ƙarin shafukan adabi mai suna *Danica*, wato Gamzaki. A *Danica* ne a wannan shekarar aka buga waƙar Antun Mihanović wadda yau ita ce taken ƙasa. Jaridar Gaj ba ta mutu ba. Ita ce *Narodne novine*, wadda gwamnati ke buga dokokinta a ciki har gobe.

Harshen Kuroshiya da na Sabiya ɗaya ne? Kuma mene ne waɗannan alamomi a kan haruffa?

Alamomin aikin Gaj ne. A 1830 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutu, inda ya ɗauki dabarar Czech ta ɗora alama kan harafi maimakon jera haruffa biyu ko uku irin na Hangari ko Italiya. Matsalar da ya warware ita ce irin wadda ƙ, ɗ da ɓ suka warware mana a boko. Don karanta sunaye: š kamar sh, č da ć kusa da c ta Hausa, ž kamar j mai laushi, j kamar y, c kuma kamar ts. Wato Gaj ana kiransa Gai.

Kuroshiyawa suna da manyan karin harshe uku, kuma an raɗa musu suna ne daga yadda kowanne ke cewa "me": što, kaj da ča, kamar ka bambanta Bakano da Basakkwace da "me" da "mi". Zagreb masu kaj ne, da shi Gaj ya fara jarida. A 1836 ya ajiye karin garinsa ya koma što, wanda ya fi yawan masu magana kuma yake da tsohon adabin Dubrovnik. Wannan sadaukarwa ta haɗa kan Kuroshiyawa, amma ta kusantar da su ga Sabiyawa, domin su ma što suka ɗauka. Yau mutumin Zagreb da na Belgrade suna hira ba tafinta, sai dai wannan ya ce kruh wancan ya ce hleb idan burodi suke nufi.

Rigimar suna ta yi zafi a Yugoslabiya. A 1954 aka yi yarjejeniyar Novi Sad kan harshe ɗaya mai suna biyu. Ranar 17 ga Maris 1967 jaridar *Telegram* ta buga sanarwar cibiyoyi 18 na Kuroshiya suna neman a kira harshensu da sunansa. A 1971 malamai uku, Babić, Finka da Moguš, suka shirya littafin ƙa'idojin rubutun Kuroshiyanci. Hukuma ta hana shi fita, aka lalata dubban kwafi, amma wani ya tsallake zuwa Landan aka sake buga shi a 1972, har mutane suka yi masa laƙabi da Londonac, wato ɗan Landan. Don jin ɓangarorin biyu, karanta *Language and Identity in the Balkans* na Robert Greenberg, na 2004. A cikin gida kuma littafin Snježana Kordić na 2010, wanda ya ce harshe ɗaya ne mai cibiyoyi da yawa, ya tayar da ƙura sosai.

Akwai littafi guda da ya tattara tarihin aikin jaridar ƙasar?

Akwai biyu, ɗaya na ɗorawa inda ɗaya ya tsaya, kuma dukkansu da Kuroshiyanci suke. Na farko shi ne *Povijest novinstva Hrvatske 1771–1939* na Josip Horvat, wato tarihin aikin jarida a Kuroshiya, wanda ya fito a 1962 aka sake buga shi a 2003. Horvat, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1968, ba malamin jami'a ba ne. Ya yi shekaru yana shugabantar tsohuwar *Jutarnji list* ta Zagreb kafin yaƙin duniya na biyu, don haka ya san warin tawada, ya san abin da ake nufi da ɗan sanda ya zo ya kwashe bugun safe. A wurinsa za ka bi labarin *Pozor* ta 1860 da ta zama *Obzor*, da Frano Supilo wanda ya kafa *Novi list* a Rijeka a 1900, jaridar da ke fitowa har yanzu.

Ka lura da inda ya tsaya: 1939. Mutumin da ke rubutu a Zagreb ta 'yan gurguzu ya ajiye alƙalami daidai bakin ƙofar shekarun da suka fi kowanne haɗarin taɓawa. Božidar Novak ne ya ɗauki sauran a *Hrvatsko novinstvo u 20. stoljeću*, na 2005, kan aikin jarida a ƙarni na 20, littafi mai shafi fiye da dubu. Shi ma ɗan cikin gida ne, ya shugabanci kamfanin *Vjesnik* har aka ture shi bayan rikicin 1971. Wannan ƙarfinsa ne, kuma a nan ne ya kamata ka yi hattara, domin a wasu babi shaida ne a shari'ar da shi ma yana ciki.

Horvat ɗin nan shi ne kuma marubucin *Kultura Hrvata kroz 1000 godina*, al'adun Kuroshiyawa cikin shekara dubu, wanda mujalladinsa na farko ya fito a 1939. Bincike ya wuce shi a wurare da dama, amma a iya ba da labari har yau yana da kwarjini.

Ina mata a wannan tarihi?

Sunan da za ka fara riƙewa shi ne Marija Jurić Zagorka, 1873 zuwa 1957, mace ta farko da ta mai da jarida sana'a a ƙasar. Ta shiga *Obzor* a 1896 da goyon bayan Bishof Strossmayer, amma shugabannin jaridar suka ware ta a wani ɗaki don kada baƙi su ga mace na rubuta siyasa. A 1903, da aka kama editoci lokacin boren adawa da gwamna Khuen-Héderváry, ita ta riƙe jaridar watanni, ta jagoranci zanga-zangar mata, ita ma ta ɗanɗana kurkuku. Daga baya ta kafa mujallar mata *Ženski list* a 1925.

Masu sharhin adabi sun daɗe suna raina labaranta da ake bugawa kashi-kashi a jarida, suna cewa na masu aikatau ne. A ganina nan suka yi kuskure mafi girma, domin waɗannan labarai ne suka janye talakawan Zagreb daga karanta littattafan Jamusanci zuwa na harshensu. Labarin matan da aka yi wa taron dangi a 1992 yana cikin amsar tambaya kan yaƙin 1991.

Littattafai sun saɓa ƙwarai kan yaƙin duniya na biyu. Wa zan gaskata?

A nan ne shawarar farko ta fi amfani. Daga 1941 zuwa 1945 ƙungiyar Ustaša ta Ante Pavelić ta mulki ƙasar da ɗaurin gindin Hitler da Mussolini, ta yi wa Sabiyawa, Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma (Jifsi) kisan ƙare dangi, ta kuma kashe Kuroshiyawa da Musulmin da suka ƙi ta. Sansanin da ya fi muni shi ne Jasenovac. A zamanin Yugoslabiya an riƙa cewa mutum 700,000 aka kashe a can. Franjo Tuđman, wanda daga baya ya zama shugaban Kuroshiya, a littafinsa na 1989, ya sauko da adadin zuwa dubu 30 ko 40. Cibiyar tunawa da ke Jasenovac ta tattara sunaye ɗaya bayan ɗaya har 83,145, kuma gidan tarihin Holocaust na Washington yana ƙiyasta tsakanin 77,000 da 99,000. Masana ƙidaya biyu, Bogoljub Kočović Basabiye a 1985 da Vladimir Žerjavić Bakuroshiye a 1989, sun yi aiki kowa da kansa, suka iso kusan wuri ɗaya: wajen mutum miliyan ɗaya ne suka mutu a duk Yugoslabiya, ba miliyan 1.7 da hukuma ke faɗa ba.

Saboda haka idan littafi ya kumbura adadin ko ya tsuke shi ƙwarai, ko ya ce Jasenovac sansanin aiki ne kawai, ajiye shi. Haka wanda ya yi shiru kan dubban fursunonin da sojojin Tito, jagoran 'yan gurguzun Yugoslabiya, suka kashe bayan miƙa wuya a Bleiburg a Mayu 1945. Mai son bincike mai sanyin kai ya nemi *War and Revolution in Yugoslavia, 1941–1945: Occupation and Collaboration* na Jozo Tomasevich, na 2001.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne *1941: The Year That Keeps Returning* na Slavko Goldstein, mahaifin Ivo da na ambata a amsa ta biyu. Mahaifin Slavko mai sayar da littattafai ne a Karlovac, Ustaša suka kama shi a 1941, bai dawo ba. Wasiƙar da ya rubuta wa ɗansa daga kurkuku ba a aika ta ba, tana kwance a taskar hukuma, sai bayan fiye da shekara 60 ta isa hannun wanda aka rubuta wa, yana tsoho. Duk da wannan ciwo, littafin yana bin ƙauyukan Sabiyawa da na Kuroshiyawa da adalci ɗaya.

A zamanin Tito jarida na da 'yanci?

Ta fi ta ƙasashen da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet sakewa, amma igiyar tana hannun jam'iyya. Kamfanin *Vjesnik* ya zama babban gida mai jaridu da mujallu masu yawa, *Večernji list* ta fito a 1959, masana falsafa suka yi mujallar *Praxis* daga 1964 zuwa 1974 suna sukar gurguzu daga cikin gurguzu. A 1971 aka yi abin da ake kira Bazarar Kuroshiya, jaridar *Hrvatski tjednik* ta zama muryar masu neman ƙarin iko ga jamhuriyar Kuroshiya a cikin Yugoslabiya. A Disamba Tito ya tsawatar a Karađorđevo, aka sauke shugabanni, aka rufe jaridar, aka ɗaure marubuta, aka dakatar da ƙungiyar buga littattafai ta Matica hrvatska har 1990.

Abin da ba a iya bugawa a gida ya koma waje: *Hrvatska revija* a Buenos Aires daga 1951, *Nova Hrvatska* a Landan. Ka karanta na waje da lura, domin a cikin masu gudun hijirar akwai 'yan dimokuraɗiyya, akwai kuma tsoffin 'yan Ustaša.

Wace rawa 'yan jarida suka taka a yaƙin 1991 zuwa 1995?

Littafin da ya amsa wannan kai tsaye shi ne *Forging War* na Mark Thompson, wanda ƙungiyar Article 19 ta fitar a 1994 aka faɗaɗa shi a 1999. Ya bi gidajen talabijin da jaridun Sabiya, Kuroshiya da Bosniya ya nuna yadda aka dasa tsoro da ƙiyayya a kanun labarai kafin a harba harsashi. Na fi son kowane ɗalibin jarida a ƙasa mai ƙabilu da addinai da yawa ya karanta shi.

Akwai waɗanda suka biya da ransu. Siniša Glavašević na gidan rediyon Vukovar ya yi ta aiko da rahoto cikin kwana 87 da sojojin Yugoslabiya da mayaƙan Sabiyawa suka yi wa garin ƙawanya. Da garin ya faɗi a Nuwamba 1991, aka ɗauke shi daga asibiti tare da wasu aka kashe su a Ovčara. Gajerun rubuce-rubucen da ya aika Zagreb kafin nan an buga su a 1992 da sunan *Priče iz Vukovara*, labarai daga Vukovar, kuma ba na ƙiyayya ba ne, kan yarinta ne da ƙauna da garinsa.

Akwai kuma waɗanda gwamnatinsu ta sa wa ido. A Disamba 1992 jaridar *Globus* ta kira marubuta mata biyar mayu saboda sun soki kishin ƙasa mai makanta, cikinsu har da Slavenka Drakulić da Dubravka Ugrešić. Ugrešić ta bar ƙasar, ta rubuta *The Culture of Lies*, ta rasu a Amsterdam a 2023. Jaridar barkwanci ta Split, *Feral Tribune*, ta buga haɗaɗɗen hoton Tuđman da shugaban Sabiya Milošević a gado ɗaya a bangonta a ƙarshen 1993. Nan da nan aka kira editanta Viktor Ivančić aikin soja, aka ɗora mata harajin da ake ɗora wa mujallun batsa, aka yi ta maka ta a kotu, har ta rufe a 2008. A Nuwamba 1996 kuwa, da aka yi yunƙurin ƙwace lasisin Radio 101, kimanin mutum 100,000 suka cika dandalin tsakiyar Zagreb, hukuma ta janye.

Yaya waɗannan littattafai ke kallon Musulunci da Turkawa?

Tsofaffin da idon abokin gaba suke kallo, kuma gara ka san haka tun kafin ka buɗe. Kuroshiya ta yi ƙarnuka tana bakin daga tsakanin Habsburg da Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi, ba ta Shehu ba. An karya manyansu a Krbava a 1493, Nikola Šubić Zrinski ya mutu yana kare Siget a 1566 a yaƙin da Sultan Sulaiman ya rasu a cikinsa, suka yi nasara a Sisak a 1593. Daga nan laƙabin garkuwar Kiristanci ya shiga waƙa da littafin makaranta.

Sababbin bincike sun fi faɗi. Dubrovnik ta yi ƙarnuka tana biyan Sultan dukat 12,500 a shekara tana kasuwanci a ƙasarsa cikin aminci, kamar yadda Robin Harris ya nuna a *Dubrovnik: A History*, na 2003. Kalmomin Larabci sun bi ta Turkanci sun zauna a bakin mutane: sat ita ce sa'a, džep kuwa tushensa ɗaya da aljihu. Musulmin Bosniya sun rubuta harshensu da baƙin Larabci, suna kiransa arebica, wato ajaminsu, kuma ɗaya daga cikin mafi tsufan rubutun wata waƙar soyayya ce ta wajen 1588 mai suna waƙar Kuroshiya. Majalisar Sabor ta amince da Musulunci a hukumance ranar 27 ga Afrilu 1916. An buɗe babban masallacin Zagreb a 1987, na Rijeka a 2013, kuma ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun ɗan haura 50,000.

Su kansu masana tarihin Kuroshiya bakinsu ɗaya ne?

A'a. Uban fannin shi ne Ivan Lučić na Trogir, wanda ya buga tarihin Dalmatiya da Kuroshiya da Latin a Amsterdam a 1666, yana dogara da takardun asali. Vjekoslav Klaić ya rubuta babban tarihinsa tsakanin 1899 da 1911 da zuciyar mai kare haƙƙin ƙasa a gaban Hangari. Jikarsa Nada Klaić ta zo ta bi tsoffin takardun sarakuna da ido mai kaifi, ta ce da yawansu jabu ne da aka ƙirƙira daga baya. Babbar gardamar ita ce ta 1102: yarjejeniya aka yi da sarkin Hangari, ko cin ƙasa ya yi? Takardar da ake kafa hujja da ita kwafinta na ƙarni na 14 ne. Daga waje, John Fine ya ƙara wuta a 2006 da *When Ethnicity Did Not Matter in the Balkans*, inda ya ce mutanen da can ba su ɗauki sunan Kuroshiya a matsayin ƙabila yadda ake ɗauka yau ba, masana da dama a Zagreb kuma suka mayar masa da martani.

Al'ada da adabi nake so, ba siyasa ba. Me zan nema?

Uban adabinsu Marko Marulić ne na Split, wanda ya kammala waƙarsa *Judita* ranar 22 ga Afrilu 1501, aka buga ta a Venice a 1521. Ranar ce suka mai da ranar littafi ta ƙasa. Faust Vrančić ya fitar da ƙamus na harsuna biyar a 1595, Bartol Kašić ya rubuta nahawu na farko a 1604. A ƙarni na 20 babu wanda ya kai Miroslav Krleža, 1893 zuwa 1981, kuma an fassara wasu littattafansa zuwa Turanci. Mai yara ya nemi tatsuniyoyin Ivana Brlić-Mažuranić na 1916, da suka fito da Turanci a 1924 da sunan *Croatian Tales of Long Ago*. Mai son yawo cikin birni da littafi a hannu ya ɗauki *Zagreb: A Cultural History* na Celia Hawkesworth.

Sunan da za ka yi ta gani a bangon littattafai shi ne Matica hrvatska, ƙungiyar buga littattafai da aka kafa a 1842 lokacin farkawar da Gaj ya jagoranta. Abin da ya same ta a 1971 yana cikin amsar tambaya kan zamanin Tito.

A ina zan samu waɗannan, alhali ina nesa da Turai?

Na Turancin ana samunsu a manyan shagunan littattafai na intanet, kuma tsoffin kwafi sun fi araha. Tatsuniyoyin Brlić-Mažuranić kyauta suke a Project Gutenberg. Kundin sani na ƙasa, *Hrvatska enciklopedija*, wanda cibiyar da Krleža ya jagoranta tun 1950 ta buga a mujalladi 11 daga 1999 zuwa 2009, yana intanet kyauta. Akwai kuma Hrčak, rumbun mujallun ilimi na ƙasar, inda maƙalu da yawa ke da taƙaitawa da Turanci, wasu ma gaba ɗayansu da Turanci suke.

Babban ɗakin karatu na ƙasa da jami'a da ke Zagreb ya ɗora hotunan tsoffin jaridu a shafinsa na Stare hrvatske novine. Manhajar fassara tana taimakawa da rubutun yau, amma tana tuntuɓe da na kafin Gaj, saboda dalilin da na bayyana a amsar tambaya kan harshe. Wanda tafiya ta kai shi Zagreb a watan Nuwamba ya tambayi Interliber, baje kolin littattafai na shekara-shekara, ya kuma leƙa shagunan tsoffin littattafai da suke kira antikvarijat, domin a irinsu ake tsintar bugun Horvat na 1962.